Moter Aka Fara Fiddowa

Gidan da aka kai ni aure gidan maginan rijiya ne. Surukina ya yi wannan sana'a har ƙarfinsa ya ƙare, mijina da ƙaninsa suka gada. Da damina manoma ne kamar kowa, hatsi da gujiya da wake. Da an kai amfani rumbu sai su ɗauki dagi da igiya su bi ƙauyukan da ke tsakanin Agiye da Gazawa. Mijina dogo ne, mai faɗin kafaɗa, mai surutu har ya gundure ka. In yana cikin rami yana waƙa, muna jin sa daga gindin gawon da muke sussuka. Ƙanin nasa kuwa shiru-shiru ne, bai daɗe da yin aure ba.

'Yan shekaru bayan an sauke tutar nasara an ɗaga tamu, aka fara gina rijiyoyin siminti a karkara. Tsohuwar rijiyarmu ta itace ce, kowace shekara sai ta rufta, don haka ranar da kamiyo, babbar motar kaya, ta shigo ƙauyenmu da buhunan siminti da ƙarafa, har guɗa muka yi. A gaban motar akwai wani mutum mai kaki da malafa, da sigari a baki. Bahaushe ne kamar mu, daga wajen Gidan Rumji, amma in zai ba da umarni sai ya tsoma faransanci a ciki. Shi ne shugaban aikin, kowa na ce masa shef. Ya ɗauki mijina da ƙaninsa su yi masa gina.

Sun kai ga ruwa ana tsakiyar zafi. Sauran aikin shi ne a kwashe ruwan, a ƙara gina ƙasa, a zaunar da zoben siminti na ƙarshe. A da da wasaki ake kwashewa. Shef ya zo da moter, injin mai shan esansi, wato fetur, wanda ke zuƙe ruwa ta tiyo. Rijiyar ta yi zurfin da moter ba ya iya jawo ruwa daga baki, sai shef ya sa aka gitta katako a can ciki, aka zura moter da igiyarsa aka zaunar da shi a kai. Da farko akan kashe shi, a jira, sannan a shiga. Sai labari ya zo cewa manya za su zo daga buro, ofishin gwamnati, su buɗe rijiya. Daga nan shef ya ce babu sauran jira, moter na aiki mutane na aiki.

Maginan rijiya suna da al'adarsu. Kafin mutum ya shiga, sai a zura fitila. In ta mutu, iskar ramin ba ta da kyau, ba a shiga. A ranar an zura fitila, ta dawo tana ci.

Da hantsi na kai musu fura. Ƙanin mijina ne a ciki. Ina tsugune ina dama furar sai na ji moter ya yi tari ya mutu da kansa, wurin ya yi tsit. Mijina ya leƙa ya kira ƙaninsa. Babu amsa. Ya sake kira, ya girgiza igiya. Sai ya cire riga ya miƙa mini, ya ɗaura igiya a ƙugu, leburori suka juya gangar ƙarfen da igiyar ke naɗe a jikinta, suka saukar da shi. Bayan ɗan lokaci muka ji muryarsa daga ƙasa, ta yi nauyi kamar ta mai barci.

"Na ɗaure shi! Ku ja!"

Leburori sun kama hannun gangar ke nan shef ya daka musu tsawa.

"Ku bar wannan! A fiddo moter tukuna, ya tare hanya."

Kwana da kwanaki mutane na hawa da sauka ta gefen moter ɗin nan, bai taɓa tare wa kowa hanya ba. Amma shef ne ya faɗa. Suka saki ganga suka koma kan igiyar moter. Na yi ihu, na kama hannun gangar ni kaɗai, na danna da ƙirjina, ko motsi bai yi ba. Moter ya maƙale a bakin wani zobe, suka sassauta, suka sake ja, suna gardama kan ta wane gefe za a karkata shi. Ni kuwa ina kiran mijina cikin rami, ya amsa sau ɗaya, daga nan bai ƙara ba. Da moter ya fito, shef da kansa ya kama gefe guda, aka kai shi bayan kamiyo, ya rufe shi da buhunan siminti. Sannan ya ce a ja mutane.

Ƙanin mijina ya fito babu rai. Mijina kuwa ya kwance igiyarsa ya ɗaura wa ƙanin, yana can ƙasa. Maƙerin ƙauyenmu, wanda ihuna ya jawo, shi ya jiƙa rawaninsa ya naɗe hanci da baki, ya sauka da sauri ya ɗauro shi. Da aka shimfiɗe mijina a ƙasa yana minshari, leɓunansa da dasashinsa sun yi ja wur kamar ya ci goro. Na zuba masa ruwa, na mare shi, bai buɗe ido ba.

Kafin mutane su gama taruwa shef ya riga ya sami abin faɗa. Ya ce iskar rijiya ce, akwai abin da ke zaune a wurin da ba a nemi izininsa ba. Surukata, wadda nake kira Inna, ta faɗi a kan gawar autanta tana cewa dama ta yi mafarki. Maigari ne ya tsaya kai da fata sai an kai mijina Maradi. Shef ya yarda, amma sai da ya sa aka sauke moter aka shigar da shi rumfar kayan aiki.

Na zauna a bayan mota, kan mijina a cinyata. A Cadawa shofer ya tsaya ƙara ruwa, ya zagayo ya dube mu, ya duba hagu da dama.

"Yaya, wannan ba shi ne na farko ba," in ji shi. "A yamma an yi haka, mutum ɗaya ya mutu. Nasaran da ke duba aiki ya ja masa kunne a gabana, ya ce kada ya ƙara sa moter cikin rami da mutum a ciki. In kin ce ni na faɗa miki, zan rantse ban faɗa ba."

Ya koma gaban mota, muka ci gaba. Daga Cadawa har Maradi wannan magana ce ke juyawa a kaina.

A asibiti aka kifa wa mijina wani abin roba a hanci da baki, da tiyo zuwa wani dogon tulun ƙarfe. Lokotoron, wato likitan, nasara ne, saurayi, zafi ya mai da shi ja kamar gauta. Wani dattijon anfirme, ma'aikacin jinya, ke fassara, ni ma na ɗan zauna a lakol, makarantar boko, a Gazawa kafin aure, ina tsintar wasu kalmomi. Tambayarsa ta farko ita ce ko akwai moter a cikin rijiyar. Na ce akwai. Ya gyaɗa kai. Ya ce hayaƙin moter yana da wata guba da ba ta da wari, ba ta da launi, kuma ba ta kashe fitila. In mutum ya shaƙa, sai ta kama jininsa ta zauna a wurin da iskar rai ke zama. Abin da ke cikin tulun nan sunansa oksijin, shi ne tataccen abin da jiki ke nema cikin iska, suna ba shi ne don ya ture gubar a hankali.

Washegari mijina ya farka. Ya yi amai, ya riƙe kai yana cewa zai fashe, sannan ya tambayi ƙaninsa. Da na gaya masa, ya juya fuska ga bango. Ni dai murna nake yi, ga shi ya gane ni, ya kira sunan 'ya'yansa. Amma na lura lokotoro bai yi murna kamar ni ba. Na tare anfirme a baranda na ce sai an gaya mini abin da ake ɓoyewa.

Lokotoro ya shigar da mu buronsa. Ya ɗauko kwalbar lemu da ba a buɗe ba, ya ɗaga ta wajen taga.

"Kin ga iska a cikin ruwan nan?"

Na ce ban gani ba. Ya fasa murfin, kumfa ya taso. Ya ce iskar tana ciki tun da, matsi ne ya tura ta ta narke cikin ruwan. Ya ce a ƙasarsu akwai wani ɗaki na ƙarfe, kamar tankin mota, suna ce masa keson. An fara yin sa ne don masu nutso cikin teku. A kwantar da mutum a ciki, a rufe ƙofa gam, a yi ta tura iska har ta danne shi kamar yana can ƙarƙashin ruwa, yana kuwa shaƙar oksijin zalla. Da wannan matsi oksijin ke narkewa cikin ruwan jini kai tsaye, kamar iskar kwalbar nan, ya kai ga ƙwaƙwalwa ko da guba ta tare hanya, kuma ya kori gubar da sauri fiye da abin robar da suka sa wa mijina. Ya ce likitoci sun fara gwada shi a kan masu shaƙar hayaƙi da masu ciwon da nama ke ruɓewa. Shi ma sau ɗaya ya gan shi, yana ɗalibi.

"To me ya sa kake gaya mini, tunda ya tashi?" na tambaya.

Anfirme ya fassara mini amsar. Lokotoro ya ce wani lokaci mutum kan tashi garau, sai bayan makonni ƙwaƙwalwa ta fara nuna abin da aka yi mata. Gwargwadon daɗewar mutum cikin hayaƙin, gwargwadon haɗarin. Ana sa ran keson yana rage wannan, in an sa mutum a ranar da abin ya faru. Bai ce tabbas ba ne. Na tambayi inda mafi kusa yake. Ya ce a saninsa sai an ƙetare teku.

Muka koma gida. Mijina ya rame, amma shi ne. Ya karɓi gaisuwar ƙaninsa, ya fara sharar gona. Aka buɗe rijiya da kalangu da tuta, manya suka yi jawabi, shef na tsaye a gefensu da sabon kaki, aka tafa masa. Na je. Na tsaya a inda zai gan ni, ban ɗauke ido daga kansa ba har aka watse.

Kafin ruwan shuka abin ya fara. Wata rana mijina ya taso daga masallaci ya shige gidan maƙwabta ya zauna, yana jiran a kawo masa abinci. Aka yi dariya. Bayan kwana kaɗan na same shi a gona riƙe da hauya yana kallonta, kamar an ba shi ajiyar abin da bai taɓa gani ba. Fuskarsa ta daskare, tafiyarsa ta koma 'yan gajerun taku yana jan ƙafa. Mutumin da ake roƙo ya yi shiru ya koma sai a yini bai ce uffan ba. Ranar da ya yi fitsari a zaune a gaban ɗansa, yaron ya fita da gudu, ni na kai shi bayan ɗaki na wanke shi.

Inna ta kai shi wajen malamai, ya sha rubutu, ta kira masu bori suka yi abin da suke yi. Ban hana ta ba, ɗanta ne. Ni kuwa na mai da shi Maradi. Lokotoro ya sa shi ya taɓa hancinsa, ya yi tafiya, ya faɗi sunan garinsu. Da ya gama sai ya zauna ya cire gilashinsa.

"Ina da awaki da saniya," na ce. "Ina da gamanata, 'yar gonar kaina. In an sayar, a kai shi keson ɗin."

Ya ce ko jirgi aka ba mu kyauta, lokacin ya wuce tun ranar farko. Ya ce ya sanar da buro cewa hayaƙin moter ne. Abin da ya biyo baya shi ne aka ɗauke shef daga yankinmu aka mai da shi yamma, da motarsa da moter ɗinsa.

Ban san ina da irin wannan zuciya ba sai a shekarar. In ina daka, kansa nake gani a turmi. In na idar da salla, ba na roƙon Allah ya kashe shi, ina roƙon ya bar mini shi da rai har in same shi. Mata suna cewa in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na san ƙaddara. Na kuma san hannun da ya kama gefen moter ya kai shi inuwa, mijina na kwance cikin guba.

Da rani ya zagayo na ji a kasuwar Cadawa, a bakin wani mai sayar da igiya, cewa shef yana gina a wani ƙauye kusa da Gidan Sori. Goggona tana aure a can. Na bar yara wajen Inna, na ce zan kai ɗanta wajen wani mai magani. Na yi wa mijina wanka, na sa masa rigarsa ta salla. Motar kasuwa ta kai mu Maradi, wata ta kai mu gaba, sauran hanyar a kan jaki, ina tafe ina riƙe da shi kada ya zame.

Da safe na shimfiɗa tabarma a bakin rijiyar, na zaunar da mijina, na zauna a gefensa. Ga igiyar moter ta sauka cikin rami, kamar yadda na zata. Shef ya taho yana ba da umarni, ya gan mu, ya ja ya tsaya.

"Baiwar Allah, me ya kawo ki nan?"

"Gaisuwa muka zo, shef. Ba ka zo ka duba magininka ba, shi ya sa na kawo maka shi."

Cikin maginan akwai wani dattijo da ya taɓa aiki da mijina a wajen Gazawa. Ya taho da fara'a ya durƙusa yana miƙa hannu, yana tsokanarsa da wata waƙar da suke yi a rami. Mijina ya dube shi kamar yana kallon garu, miyau na zuba a kan rigar. Dattijon ya janye hannunsa a hankali, ya juyo gare ni. Na ɗaga murya na faɗi komai, tun daga fitila har zuwa buhunan da aka rufe moter da su. Mata masu zuwa kallo suka ajiye tuluna. Aka aika aka kira maigarin wurin.

Shef ya ce baƙin ciki ne ya taɓa mini hankali, kowa ya san iskokin rijiya ne suka shafi mijina. Ya ce zai kira jandarma.

"Kira su," na ce. "Kafin su iso, ka tada moter ɗinka, ka ɗaura igiya ka shiga kai da kanka. In ka fito lafiya, ni mahaukaciya ce, a ɗaure ni."

Ya yi dariya, ya ce shi ba lebura ba ne. Maigari tsoho ne mai magana a hankali. Ya dube ni, ya dubi mijina, sannan ya ce ba sai mutum ya shiga ba. Ya sa aka kamo zakara aka sa a kwando, aka ɗaura fitila mai ci a gefen kwandon. Ya ce a tada moter. Shef ya ce esansi na gwamnati ne, ba na wasa ba. Maginan suka tada shi da kansu. Aka bar shi yana ruri har inuwa ta matsa, sannan aka zura kwandon ƙasa, aka jira. Da aka jawo, fitila na ci. Zakara kuwa ya mutu, ya miƙe ƙafafu, tsoron da ke kansa ya yi ja wur.

Wata mata ta fasa ihu, ɗanta ne ya kamata ya shiga a safiyar. Ni kuwa na miƙe tsaye.

"Saura kai, shef."

Samari ba su jira an ce musu ba. Suka kama shi, malafa ta faɗi, suka ɗaura masa igiya a ƙugu suka rataye shi a kan bakin rijiyar, ƙafafunsa na lilo, hayaƙi na tasowa. Ya yi ta kiran Allah da Annabi, faransancin duk ya gudu. Wandon kakin ya jiƙe har gwiwa. Ya juyo da kai yana nemana.

"Uwata! Don girman Allah, uwata, ki ce su bari!"

Na matsa har bakin siminti don in ga fuskarsa da kyau. Na ce wa samarin su sassauta igiya. Sun sassauta kamu ɗaya ko biyu, maigari ya buga sandarsa a ƙasa ya ce ba za a kashe mutum a garinsa ba. Da ni ce maigari, da sai ya taɓa ruwa. Aka fiddo shi, aka kore shi daga garin a ƙafa, yara na binsa da jifa.

An ce na ceci mutanen garin, har goggona ta yi ta alfahari da ni. Ni ba ceto ya kai ni ba. Bayan haka duk kasuwar da na je da gujiyata, Agiye ko Cadawa ko Gazawa, sai na nemi rumfar masu igiya da dagi na ba da labarin, har da wandon. Maginan rijiya duk sun san juna. Ba a ƙara samun wanda zai shiga rami a ƙarƙashinsa ba, kafin shekara ta zagayo aka sallame shi.

Na ji sanyi, amma bai daɗe ba. Gida na koma, ga mijina yadda na tafi da shi. Na ba shi tuwo a baki shekara da shekaru, na yi masa aski, na koyi gane abin da yake so daga yadda yake motsa yatsu. Na noma gandu da gamana, na rufe Inna, na aurar da 'yata.

Ɗana ya yi lakol ya zama anfirme. Ya daɗe yana aiki kafin a tura shi ƙaro ilimi a wata ƙasa ta bakin teku. Da ya dawo, yana zaune a tsakar gida yana shan fura, ubansa na jingine da garu, sai ya ce:

"Inna, na ga keson. Har na shiga."

Yana ba da labarin ido na ƙyalli. Ya ce fari ne, da 'yan tagogi zagayayyu masu kauri, da benci a ciki. Ba a shiga da ashana ko mai a jiki, saboda wuta. In an fara tura iska, wurin ya ɗumama, kunne ya toshe, sai mutum ya yi ta haɗiyar miyau. Ya ga masu ciwon suga da gyambon da ya ƙi warkewa suna zuwa kullum har nama ya tsiro. Shi kuwa ya shiga ne da wata mata da aka kawo a sume, ta kunna gawayi a ɗaki a rufe. A cikin ɗakin ƙarfen ta buɗe ido. Ya bi labarinta har watanni, ta koma ɗinkinta.

"Tsawon wane lokaci ta yi a ciki?" na tambaye shi.

"Kamar daga azahar zuwa la'asar."

Ya ɗauka zan ji daɗi. Na tashi na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Daga azahar zuwa la'asar. Na zauna a bakin gado, wutar da na ɗauka ta zama toka ta tashi sabuwa.

A cikin wannan hali shef ya zo. Ya tsufa, ya rankwafa, ido ɗaya ya yi fari. Ya koma sayar da goro, 'ya'yansa za su kai shi Makka, yana bin mutane yana neman gafara. Limaminmu ne ya rako shi har zaure. Ya cire takalmi ya durƙusa a gabana.

"Hajiya, na zo ki yafe mini. Ƙuruciya ce da tsoron manya."

"Ban je Makka ba, kada ka ce mini Hajiya. Kuma ba ni ka bari a rami ba. Ga shi nan, ka roƙe shi."

Ya ja gwiwa zuwa gaban mijina, ya yi ta magana yana hawaye. Mijina yana riƙe da wani ɗan guntun rake da jikarsa ta ba shi. Ya daɗe yana kallon baƙon, sannan ya miƙa masa raken. Liman ya ce Allahu akbar, ya yafe.

"Haka yake miƙa wa akuya," na ce. "Malam, ka san bai san ko wane ne wannan ba. Wanda zai iya yafewa ya tafi tun shekarar da aka buɗe rijiya, ɗayan kuma yana kabari."

Liman ya yi mini nasiha mai tsawo, ya ce Allah yana son masu yafiya, ni ma ina bukatar a yafe mini. Na saurara har ya gama, don malami ne kuma ya girme ni. Sannan na ce Allah mai gafara ne, in ya ga dama ya gafarta masa, ba zan hana ba. Amma nawa hakkin ina riƙe da shi, can za mu haɗu, ni da shi da mutum biyu. Na karɓe raken daga hannun shef na mayar wa mijina.

Ya je Makka ya dawo. Mijina ya rasu da damina, cikin barcin rana, hannunsa a kan ƙafata ina tsince wake. Bayan wasu shekaru wata mai tallan daddawa daga yamma ta shigo gidanmu, cikin hira ta ce tsohon nan mai goro, wanda aka ce ya taɓa zama shef, Allah ya yi masa rasuwa. Matan gidan suka yi salati, suka yi masa addu'a, sannan suka juyo suna jiran tawa. Muna cin tuwon hatsi da miyar kuka ne a lokacin. Na miƙa wa matar ɗana kwanona na ce ta ƙaro mini.